Muhawara: Murya ko Labari, Wanne Mai Koyon Wasan Kwaikwayo na Waƙa Zai Fara Gyarawa?

Zainab:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni shiga fagen wasan kwaikwayo na waƙa, wato irin wanda ake yi a kan dandamali, inda ɗan wasa yake cikin magana sai ya zarce da rera waƙa ba tare da labarin ya tsaya ba. Mai ba da umarninmu yana yawan gaya mini cewa muryata ba ta da laifi, kuma ina riƙe kari yadda ya kamata, amma da zarar kiɗa ya tashi sai yarinyar da na fito a matsayinta ta ɓace, a bar 'yan kallo da mawaƙiya kawai. Na fahimci abin da yake nufi, sai dai ban san ta inda ake kama gyaran ba. Shin in ci gaba da horar da murya har ta zauna sosai sannan in koma kan wasan, ko kuwa akwai hanyar da ake koyon su biyun tare?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Wannan shi ne ciwon da ya fi damun masu zaƙin murya, domin tun suna yara aka saba yaba musu a kan sauti, ba a taɓa tambayarsu da wa suke magana ba. Tambayar da za ki fara yi wa kowace waƙa ke nan: da wa nake magana, me nake so ya yi, kuma me zan rasa idan ya ƙi? Waƙar da ke cikin wasa magana ce da ta yi nauyin da zance na yau da kullum ba zai iya ɗauka ba, saboda haka tana da wanda ake yin ta dominsa, tana da buƙata, kuma akwai abin da ya tare wa buƙatar hanya.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ajiye kiɗan gefe ɗaya tukuna. Ki kwafe baitocin a takarda a jere kamar wasiƙa, ba tare da kin yanka su ɗango ɗango ba, ki sa waƙafi da aya inda ma'ana ta nuna, sannan ki samu abokiyar wasa ki gaya mata su da muryar magana. Ki ba ta izinin ta juya ta tafi duk lokacin da ta ji ba da ita kike ba. Za ki yi mamakin yadda za ki fara neman hanyar tsayar da ita, kuma wannan neman shi ne wasan.

Bari in ƙirƙiro misali. A ce yarinya ta haɗa kayanta za ta bar gida, yayanta yana tsaye a bakin ƙofa, amshin waƙarta kuma shi ne, "Ba zan juyo ba." Amshin nan zai zo sau uku da kalmomi iri ɗaya da kari iri ɗaya. A zuwan farko gargaɗi take yi masa, tana so ya matsa ya ba ta hanya. Bayan baiti na biyu, inda ta tuna ɗawainiyar da ya yi da ita, yayan ya riga ya matsa, ƙofa a buɗe take, amma ƙafarta ta ƙi ɗaguwa, don haka da kanta take magana, tana ƙarfafa wa zuciyarta gwiwa. A zuwa na uku kuwa roƙonsa take yi ya hana ta tafiya, alhali bakinta yana faɗin akasin haka. Idan kika rera su duka ukun da nufi ɗaya, kin rera waƙa mai daɗi amma labarin bai motsa daga inda yake ba, kuma 'yan kallo za su gane hakan ko da ba su iya bayyana abin da ya ɓace ba.

Ba haka ake kallon waƙar dandamali tun fil'azal ba. A Amurka an daɗe ana jera waƙoƙi da raye-raye a rataya su a jikin labari maras ƙarfi, har aka fito da Show Boat a 1927, sannan Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein a 1943, wanda ya tabbatar da tsarin da waƙa take ɗaukar labari ta kai shi gaba. An buɗe wannan wasan da tsohuwa ita kaɗai a dandamali tana aikinta, muryar wani saurayi tana tasowa daga bayan fage, maimakon tarin 'yan rawa da aka saba buɗe wasa da su, kuma an nuna shi sau 2,212 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, a zuwansa na farko. Tun daga lokacin ne aikin mai rerawa ya zama aikin ɗan wasa.

Malama Hadiza:
Allah Ya ƙara basira, Malam Bashir. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma ina tsoron kada ƙanwarmu ta ɗauka cewa horon murya abu ne da za a iya jinginewa. Ni murya nake koyarwa, kuma abin da nake gani kullum shi ne, wanda bai mallaki numfashinsa ba ba shi da sararin yin tunanin yayansa da ke bakin ƙofa, domin hankalinsa duka yana kan sautin nan mai tsawo da ke tafe a ƙarshen baiti, yana fargabar ko zai kai ko ba zai kai ba. Tun kafin a iso wurin za ka ga kafaɗunsa sun ɗaga, haɓarsa ta miƙe gaba, idanunsa sun bar abokin wasa. Wannan ba rashin fahimtar labari ba ne, tsoro ne, kuma ba abin da yake maganinsa sai horo.

Mace mai tulu a ka tana iya tafiya tana hira har da dariya, saboda wuyanta ya riga ya san aikinsa, haka ake so murya ta zama. Sauti yana fitowa ne daga kaɗawar tantanin maƙwallato yayin da iska ta ratsa shi, kuma nama ne mai laushi da yake kumbura idan aka takura masa. A manyan gidajen wasa na Broadway da na Landan sau 8 ake nuna wasa a mako, wata da watanni. Wanda ya dogara da zafin zuciya kaɗai yana iya girgiza 'yan kallo a daren farko, amma kafin mako ya zagayo muryarsa ta dushe. Don haka amsata gare ki, Zainab, ita ce kada ki daina horon numfashi da na wasula ko da na rana ɗaya ne.

Yakubu:
Malama, a yi mini afuwa in sa baki, ni da na fito daga wasan magana zalla. Idan murya ce ginshiƙi, yaya za mu yi da Rex Harrison? Mutumin nan ba mawaƙi ba ne, amma shi ne babban ɗan wasan My Fair Lady a 1956, yana furta baitocinsa tsakanin magana da rerawa, yana bin bugun kiɗa yana taɓa kari nan da can. Da aka zo mayar da wasan fim a 1964 ma, sai da aka maƙala masa makirufo aka ɗauki muryarsa kai tsaye a wurin ɗaukar hoto, saboda ba ya maimaita baiti iri ɗaya sau biyu, balle ya bi abin da aka riga aka naɗa. A ganina wannan ya isa hujja cewa 'yan kallo labari suka zo ji.

Malama Hadiza:
Ɗan'uwa Yakubu, misalinka yana da kyau amma bai kai inda kake so ya kai ba. Marubutan wasan, Alan Jay Lerner da Frederick Loewe, sun san iyakar muryarsa, suka tsara masa waƙoƙi daidai da ita, kuma mutumin da ya fito a matsayinsa malami ne mai ji da kansa da yawan surutu, wanda irin wannan furucin ya dace da halinsa. Mai koyo ba ya samun wanda zai rubuta masa waƙa a kan gwargwadon rauninsa. Sannan kada ka manta cewa a dandamali Julie Andrews ce take tsaye a gefensa, wadda aka horar da muryarta tun tana ƙarama, kuma waƙoƙinta ba su furtuwa da muryar magana. Bayan haka, abin da Harrison yake yi ba sakaci ba ne, domin sauka a kan bugun kiɗa daidai kana magana yana da wuyar da ba kowa ya sani ba sai wanda ya gwada.

Malam Bashir:
Na ji daɗi da Malama ta ambaci Julie Andrews, domin labarinta shi ne labarin Zainab. Tana da muryar da ba a shakka a kanta, amma a lokacin gwaji halin yarinyar da ta fito a matsayinta ya ƙi zama a jikinta, har mai ba da umarni, Moss Hart, ya sallami sauran 'yan wasa na kwana biyu ya zauna da ita ita kaɗai, suna bin wasan layi bayan layi. Ba murya ya gyara mata ba, domin babu abin gyara a can.

Ni ban ce a jingine horon murya ba, cewa nake yi kada a jera su a ce sai an gama wannan za a fara wancan, domin murya ba ta da ranar gamawa. Konstantin Stanislavski, wanda yawancin hanyoyin koyar da wasa na zamani suka samo tushe daga gare shi, ya buɗe ɗakin horar da mawaƙan opera, wato wasan da ake rera kusan dukkansa, a Mosko a 1918 ƙarƙashin gidan wasan Bolshoi, saboda ya ga mawaƙa masu manyan muryoyi suna tsayawa a gaban dandamali suna fuskantar jama'a kamar ba a cikin labari suke ba. Kuma akwai abin da nake so Malama ta gaskata ni a kansa: sau da yawa sautin da ya gagari ɗalibi yakan fito da sauƙi ranar da ya samu dalilin yin sa, saboda numfashin da mutum yake ja idan yana da magana mai muhimmanci a bakinsa ya fi wanda yake ja don cika umarnin malami zurfi.

Malama Hadiza:
Na gaskata ka, na kuma sha ganin hakan. Sharaɗina kawai shi ne dalili yana buɗe sautin da jiki ya riga ya iya, ba ya ƙirƙiro wanda babu.

Usman:
Malamaina, ku ba ni dama in yi magana daga bayan fiyano, domin kun tattauna kalmomi da murya, ba a taɓo kiɗan ba. Hanyar Malam Bashir ta furta baitoci kamar wasiƙa tana da amfani ƙwarai, amma tana da haɗari ɗaya idan aka tsaya a kanta. A wasan magana ɗan wasa ne yake zaɓar inda zai yi sauri, inda zai dakata, da kalmar da zai ɗaga. A waƙa kuwa mai tsara kiɗa ya riga ya yanke waɗannan duka, ya rubuta su. Aikin ɗan wasa shi ne ya gano dalilin da ya sa aka yanke su haka, har ya zamana kamar shi ne ya zaɓa. Idan an ja gaɓa ɗaya tsawon bugu huɗu, a tambaya me ya sa wannan kalmar ce ta ƙi sakin bakin mai maganar. Idan an bar gurbi babu murya a tsakiyar jimla, to akwai abin da ya faru a wannan gurbin, wataƙila yayan ya kawar da kai, wataƙila ita ce ta kusa faɗin abin da ba ta shirya faɗi ba.

Kiɗan kuma yakan faɗi abin da baki ya ɓoye. A misalin Malam, yarinyar tana cewa ba za ta juyo ba, amma idan a ƙarƙashin muryarta makaɗa suna dawo da karin da aka ji a farkon wasa lokacin da suke zaune lafiya da yayanta, to kiɗan ya tona mata asiri, kuma wajibi ne 'yar wasan ta san da haka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne 'yan daƙiƙun nan na farko, tsakanin tashin kiɗa da shigowar murya. Daga inda nake zaune ina ganin fuskar mai koyo ta mutu, leɓɓansa suna ƙirga bugu, yana jiran wurin shigarsa. Alhali kuwa wannan gabatarwar ita ce tunanin da ya haifi kalmar farko, kuma kamata ya yi 'yan kallo su ga kamar tunaninsa ne ya tayar da kiɗan.

Zainab:
Na gode ƙwarai, malamaina, Allah Ya saka da alheri. Maganar Malam Usman ta kawo ni ga abin da ya fi ba ni wuya a aikace. Me ake yi da ido da hannu a lokacin da ake riƙe da dogon sauti? Kuma idan waƙar ta baƙin ciki ce, ana so in yi kuka da gaske ne?

Anti Rabi:
'Yata Zainab, dogon sauti ba wurin hutawa ba ne, kuma ba wurin nuna gwaninta ba ne. Tunani yana ci gaba da tafiya a cikinsa. Ki fara shi da tambaya ki ƙare shi da amsa, ko ki fara shi kina kallon yayanki ki ƙare shi kin gane cewa ba zai hana ki ba, sai ki ga sautin da kansa ya sauya launi ba tare da kin shirya ba. Ido kuwa, ki daina rufe shi. Mawaƙin da yake rera waƙarsa ta kansa yana iya lumshe ido ya shige cikin daɗin abin, amma 'yar wasa idan ta rufe ido ta rufe wa 'yan kallo ƙofa. Idan ke kaɗai ce a dandamali, ki ajiye wanda kike magana da shi a wuri ɗaya, can sama kaɗan da kawunan layin baya, ki san tsayinsa da yadda yake kallonki, kada ki bar shi yana yawo. Hannu kuma ki bar shi a inda yake har sai ya samu aikin yi. Ki guji fassara kalma da hannu, wato dafa ƙirji idan an ambaci zuciya, ko nuna sama idan an ambaci wata, domin maimaita abin da kunne ya riga ya ji ne.

Batun kuka, amsar ita ce a'a, ba shi ake nema ba. Kuka na gaske yana shaƙe maƙogwaro, yana yanke numfashi, kalmomi su narke, kuma baitin waƙa sau ɗaya yake wucewa ta kunnen mai sauraro da saurin da kiɗa ya ɗauko shi, babu damar komawa baya kamar mai karatu. Stephen Sondheim, marubucin waƙoƙin dandamali na Amurka, ya sha nanata wannan bambanci tsakanin baitin dandamali da rubutacciyar waƙa. Abin da yake karya zuciyar 'yan kallo shi ne su ga mutum yana kokawa da hawayensa don ya samu ya gama maganarsa. Ki riƙe shi, ki bar su su yi kukan.

Wuri na ƙarshe da zan ja hankalinki shi ne mahaɗar magana da waƙa. Jimlolin ƙarshe kafin kiɗa ya shigo, ki bar muryarki ta fara hawa kusa da inda waƙar za ta fara, ƙarfinta ma ya kusanci nata, don kada a ji kamar mutum biyu ne, ɗaya ta yi shiru ɗaya ta karɓa.

Aminu:
Anti, ina neman izinin in ɗan saɓa a kan wannan na ƙarshe, da kuma wani ɓangare na maganar Malam Bashir. Duk abin da aka faɗa ya ginu ne a kan tsari ɗaya, wanda ake so ɗinkin da ke tsakanin magana da waƙa ya ɓace. Akwai wata makaranta da take son a ga ɗinkin ƙarara. Marubucin wasan kwaikwayo Bertolt Brecht, wanda ya yi aiki da mai tsara kiɗa Kurt Weill a Jamus a 1928, yana so ɗan wasa ya nuna a fili cewa yanzu ya bar magana ya shiga waƙa, har a sauya hasken fitila, domin mai kallo ya farka ya yi tunani a kan abin da ake nuna masa maimakon ya narke cikin tausayi. Wasanni irin su Cabaret na 1966 da Chicago na 1975 sun ɗebo daga wannan, inda waƙoƙi da yawa sharhi ne a kan labarin. Sannan ga waƙar taro, kamar a Sarafina! na Mbongeni Ngema da aka fara nunawa a Johannesburg a 1987 a kan boren ɗaliban Soweto na 1976, inda murya ta jama'a ce gaba ɗaya. A irin waɗannan, wane ne yayan da ke bakin ƙofa?

Malam Bashir:
Tambaya ce mai kyau, Malam Aminu, kuma na yarda cewa shawarar ɓoye mahaɗa ba ta hau kowane wasa ba, dole mai koyo ya fara sanin irin wasan da yake ciki. Amma tambayoyina uku suna nan daram. A waƙar sharhi, 'yan kallo su ne a bakin ƙofa, kuma ɗan wasan yana son wani abu a wurinsu: ya ruɗe su, ya tsokane su, ko ya sa su yi dariya sannan su ji kunyar dariyar. Wannan ma ya fi wuya, domin abokin maganarka yana sauyawa kowane dare. A waƙar taro kuwa, kalmomi ɗaya ne amma dalilai sun kai yawan masu rerawa. Wani yana rerawa don ya kori tsoronsa, wata don an kama ƙaninta, wani kuma don kada abokansa su ga ya ja da baya. Idan kowa ya san nasa dalilin, sai a ga jama'a a dandamali, idan kuwa ba su sani ba, sai a ga layin masu amshi.

Malama Hadiza:
Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi aiki, tunda Zainab za ta fuskanci tantancewar zaɓen 'yan wasa ko ba jima ko ba daɗe. A irin wannan zama ba a cika barin mutum ya rera waƙa duka ba, yanki ake nema na awo 16 ko 32 na kiɗa, abin da sau da yawa bai wuce minti ɗaya ba ko ya ɗan haura. Masu koyo sukan yanko wurin da sauti ya fi tsawo don su burge. Shawarata ita ce ki yanko wurin da wani abu ya sauya, inda yarinyar ta shiga da niyya ɗaya ta fita da wata, kuma ya kasance a tsayin da muryarki take zaune lafiya ko da kin tashi da gajiya. Idan waƙar ta yi miki sama, a sauke ta, babu abin kunya a ciki matuƙar ba a cikin wasan da aka riga aka tsara wa makaɗa ba ne.

Usman:
Idan za a sauke ta, Malama, a rubuta takardar kiɗan a sabon tsayin tun daga gida, kada a miƙa wa mai fiyano a ce ya sauke da ka a wurin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ke kuma Zainab, ki sa alama da fensir a duk inda za ki ja numfashi da inda kike so a jira ki, ki nuna masa kafin ki hau, sannan ki rera masa layin farko a hankali don ya ji saurin da kike so, maimakon ki tafa masa da hannu. Idan kin tura mini baitocin waƙar da kike aiki a kanta, zan duba inda numfashin da aka saba ja yake yanka jimla biyu, mu ga ko za a iya matsar da shi zuwa inda ma'anar ta tsaya.